Fitila Ta Bakwai

Ni ne Dogara, mai gyaran wuta.
Shekara goma sha tara ina hawan tsani a makarantar nan,
ban taɓa shiga aji ba
sai in fanka ta tsaya.

Daga laburare zuwa ɗakin kwanan 'yan mata
fitilu tara ne, na san su kamar haƙoran bakina.
Ta bakwai, ta gindin darbejiya,
daidai inda katanga ta tsage,
ta mutu tun watan azumi.
Na rubuta takarda. Takarda ta shiga fayil,
fayil ya shiga durowa,
mai durowa ya tafi kwas Zariya.

A duhun nan aka fizge wayar Rifkatu,
aka bar mata shatin yatsu huɗu a wuya.
Ta ce wayar ba komai ba ce,
darussan zango guda ne a cikinta.
Kashegari labari ya riga ta shiga aji.

Daga ranar laburare ya koma kasuwar ƙauye,
kafin kiran magariba an watse.
Ina naɗe waya ina kallonsu,
littafi a ƙirji kamar garkuwa.
Ladidi ta daina ƙirga shafi, tsawon inuwa take aunawa.
Tanimu mai kwana Tudun Nufawa
ya bar lissafi a rabi, ya bi ayari,
don wanda ya fita shi kaɗai
da waige yake tafiya har bakin titi.

Wa zai haddace abu
kunnensa ɗaya na bakin taga?

Rannan wurin mai shayi na ji Dakta Maikano
yana juya cokali yana faɗa:
"Yaran bana ba sa karatu.
Tambaya ta huɗu, kowa ya bar ta fari fat."
Na kurɓi nawa, ban tanka ba,
wane ni da zancen masu digiri.
Amma na san inda tambaya ta huɗu ta kwana:
gindin darbejiya, cikin duhu.

Da albashi ya shigo na sayi ƙwai da kuɗina,
na je Fanteka aka ƙera masa kejin ƙarfe
saboda masu jifa.
Matata ta ce, "Kai ne gwamnati?"
Na ce a'a. Na ɗauki tsani.
Baba Mudi mai gadi ya riƙe mini ƙafarsa,
yana tari, yana addu'a.

Wuta ta kama.
Ƙwari ne suka fara zuwa.
Sai dare na uku na ji takun mutane,
biyu, sannan biyar, ana gardamar wani lissafi
da ƙarfi, har da dariya,
ƙarfe tara da rabi.

Rifkatu ba ta cikinsu.
Har yanzu da rana take tafiya,
tsoro ba shi da makunni balle in kashe mata.

Jiya aka manna sakamako a allo.
Na tsaya daga baya da filaya a hannu,
ina bin lambobi da ido, ban san ta kowa ba.
Wani ya yi tsalle, wata ta share hawaye.

Katangar tana nan a tsage.
Na sake rubuta takarda.