Takardar Tsire

A Garwa, a bakin gadar Binuwai,
bayan isha, da 'yan moto suka gaji da kuka,
Talle mai tsire ya naɗe mini na ɗari biyar
cikin wata takarda da aka yago daga littafin lekol.
Na cinye nama, na suɗe yaji,
sai ga ƙaho ya bayyana ta cikin maiƙo.

Bijimin barewa ne, amma wace irin barewa!
An zana mutum a gefensa don awo,
hularsa ko doronsa ba ta kai ba.
Ƙahon kuwa kamar an tumɓuke gawo
an kifa masa a ka, saiwa a sama.
Na juya bayan takarda:
wani ƙato mai gashi, tsaye a kan ƙafa biyu,
farce zaƙo-zaƙo kamar laujen girbi.

Ɗanliti, yaron Talle, ya kara ta da fitila,
ya tauna Faransanci, ya tofo mana Hausa:
wannan beyar ne, yana can ƙasar ƙanƙara,
wancan kuwa irinsa ya ƙare
tun kakannin kakanni ba su san gishiri ba.

Shi ke nan, wuta ta kama benci.

Barmo, direban tirela mai hanyar Njamena,
ya ce, “Mari ɗaya! Wuyan ya karye kamar rake.
Yaushe mai cin ciyawa ya kayar da mai cin nama?”
Hamajoda dillalin shanu ya ajiye kofin shayi:
“Kai sitiyari ka sani.
Na ga bijimi ya ɗaga kura,
ta sauko ba ta san sunanta ba.
Balle wannan, mai kurmi guda a ka?”

Aka share musu fage a yashin kogi.
Barmo ya zama beyar, yana gurnani, tumbi a gaba.
Hamajoda ya buɗe hannuwa, ya sunkuyo,
har ya ture butar alwala.
Aka sa jaka guda ta sefa a ƙarƙashin dutse.
Wani ya ce a kira malami,
wani ya ce malami bai taɓa ganin ƙanƙara ba.

Baba Kacalla yana can ƙarshen benci,
shekara talatin ya yi yana gadin dajin Waza.
Ya karɓi takarda, ya nisanta ta da ido.

“A fili,” ya ce, “ƙaho ya ci.
A cikin itatuwa ya sarƙe, farce ya ci.
Girman kai ne, rawanin tsiya.”
Kowa ya miƙa hannu wajen dutse.
Ya taka kuɗin da sandarsa.

“Ku dakata. Mai ƙahon nan yana ina yanzu?
In ba ƙira, me ya ci gawayi?
Ni na ƙirga gwanki ɗari uku a tafki guda,
ina saurayi, har yatsuna suka rikice.
Ranar da na ajiye kaki, bakwai na gani,
ɗaya ma gurgu.
Ba beyar ya zo Waza ba.
Abin da ke cinye irin dabba ba ya gurnani,
yakan zo da sallama.”

Muka yi tsit. Kwaɗi suka karɓi zance.
Barmo ya ɗauki kuɗinsa, ya ce gobe sammako zai yi.

Garwashin Talle ya soma lumshewa.
Ya miƙo hannu, na ba shi takardar,
maiƙo ya sa ta kama nan da nan.
Suka tafi tare cikin hayaƙi,
ɗaya a ciki, ɗaya a baya,
ko ido ba su taɓa haɗawa ba.