Makullin da Ya Rage

Makullin yana nan a aljihuna.
Shi kaɗai ɓarawon ya bar mini,
shi da ɗigon baƙin mai guda uku
a ƙofar kantin magani na Domayo.

Minti nawa ma na yi a ciki?
Na ce a ba ni maganin tarin Dija,
mai kanti ya rasa canjin jaka biyu,
ya leƙa wajen maƙwabci.
Shi ke nan.
Na fito da kwalba a hannu
ina duban inda na kafe shi,
kamar harshe mai laluben gurbin haƙori.

Mai tsire ya ce hayaƙi ya tare masa ido.
Yaro mai zuwa-zuwa a kwalabe ya ce,
"Wani dai ya hau, da hular kwano,
bugu ɗaya ya tashi, na ɗauka kai ne."
Bugu ɗaya!
Ni da safe sai na yi biyar ina lallashi.

Wata goma sha huɗu ina zubin adashi,
na yi sallama da shayin dare,
takalmi ya yi baki, na ce ya yi haƙuri.
Duk wannan ya bi titi a ƙasa da kiftawar ido.

A komisariya ɗan sanda ya lashi yatsa
yana buɗe wani littafi mai kauri,
shafi bayan shafi, baburan bayin Allah.
Ya rubuta lambar inji a can ƙasa.
"In mun ji, za ka ji."
Mayo Kaliyawo ya cika, ya koma rairayi,
ban ji ba.

Wasu suka ce ya haye kogi ta Yagwa,
wasu suka ce tun kafin asuba
an feɗe shi kamar akuya,
kai daban, hanji daban.

Su suka fi gaskiya.
Ranar Litinin, a layin 'yan gwangwan,
na ga madubina a kan tabarma,
da tsagarsa mai kama da jelar ƙadangare,
da tauraron takardar alawa
wanda Dija ta liƙa da yawu.
"Nawa?" na ce.
"Dala ɗari biyu."
Wa zan kama? Ya saya a hannun wanda ya saya.
Na biya kuɗin abina, na yi godiya.

Yanzu na Alhaji Hamajoda nake ja,
kullum magariba in kai masa balas.
Na sayi sarƙa mai kaurin damtse,
kwaɗo biyu, ɗaya gaba, ɗaya baya.
Sali makanike ya ɓoye wata 'yar waya,
in ba ka taɓa ta ba inji kurma ne.
Inda take kuwa,
ko a waƙa ba zan faɗa ba.

A babbar kasuwar Marwa ina ba Baba Ndotti dala ashirin,
ya zana lamba da alli a kan sirdi,
ya zauna da sandarsa yana gyangyaɗin ƙarya.

Da dare na fasa dokin ƙofa da guduma
don babur ya kwana cikin ɗaki.
Zanin gado warin fetur, tuwo warin fetur.
Kare ya yi haushi a Kakatare,
ni ne zaune, hannu a kan taya.

Abin da ya fi zafi ba sarƙa ce ke gyara shi ba:
fasinja ya hau baya ya yi mini sallama,
ni kuwa ta tsagaggen madubi
hannuwansa nake kallo.

Jiya na dawo na tarar da Dija
ta haye benci, ƙafa nan, ƙafa can,
tsohon makullin a cikin tsagar katako,
tana kukan inji da leɓe.
Da uwarta ta kira ta cin abinci
sai ta sauka, ta kwance ɗankwali,
ta ɗaure ƙafar benci a jikin turmi,
ta ja ƙullin sau biyu,
sannan ta tafi.