Sau Ɗari Huɗu da Tamanin

A Gumi, hawa na uku, ɗakin da ba shi da taga,
nan nake neman abinci da idona.
Shekara goma sha ɗaya ina kallon farin murabba'i
yana tsere daga hagu zuwa dama a baƙin allo,
ni kuwa ina farautar wutsiyarsa.

Da na kama aiki, sau sittin allo ke sauya fuska a sakan guda,
murabba'in na jan sawu kamar wanda ya taka ɗanyen fenti.
Muka kai ɗari da arba'in da huɗu, wutsiya ta gajarce.
Ɗari biyu da arba'in, ta koma gashin ido.
Bana, ɗari huɗu da tamanin.
Kyamara na bin sa a kan ɗan layin dogonta,
ni ina bin kyamara,
rubutu na sheƙa gudu amma ana karanta shi har ɗigo,
sai ka ce da ƙusa aka kafe shi.

Pyo Jae-ung, yaron da aka ɗauko mana daga gasar wasan kwamfuta,
ya murza linzami, ya yi tsit, can ya ce,
"Yaya, ai gilashin ya ɓace."
Aka tafa, aka sha shayin sha'ir a kofin takarda.

Da kowa ya watse na fito da abin da ke aljihuna:
tsohon kaset ɗin baba, da aka juye mini a 'yar ma'ajiya.
Tashar jirgin ruwa ta Wando, bazarar da na shiga firamare.
Uwata, Gil Sun-rye, ta jingina da ƙarfe,
iska na jan gyalenta,
ta ɗaga hannu, ta fara juyowa,
sakan biyu da rabi,
sai baba ya karkata ga tsuntsayen teku.

Hoto talatin kyamararsa ke cafkewa a sakan.
Allona mai ladabi ya riƙe kowanne sau goma sha shida,
ya nuna, ya sake nunawa, yana jiran na gaba,
kamar mai masaukin da ya share ɗakuna birjik
baƙo ɗaya ya zo.

Hannunta hayaƙi ne.
Juyowar fuskarta, alli ne da aka goge da tafin hannu.
Ban taɓa ganin dishi-dishi tar haka ba.
Abin da guga bai ɗebo ba,
tulu ba ya zubo shi, komai kyan tulun.

Akwai maɓallin da ke ƙago hotunan tsakani,
ya ɗinka yatsa inda babu yatsa.
Na danna.
Ta juyo sumul, yatsu biyar cif,
wata kyakkyawar mata da ban taɓa sani ba.
Na kashe.

Na jawo takardar gwaji.
Wutsiya: babu. Inuwa: babu. Fatalwa: babu.
Na sa hannu, don gaskiya ne.

A tashar bas, ƙarƙashin fitila, sanyi na cizon kunne,
na kaɗa hannuna a gaban fuskata, da sauri, da sauri,
yatsuna suka narke suka zama mafici.
Wani tsoho a tsallaken titi ya ɗauka da shi nake,
ya ɗaga nasa.