Gajimare Ba Rumbu Ba Ne

A Ancud ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ke buɗe mana shago, shi ke rufewa.
Shekara sittin da ɗaya ina kallon gajimare
yana taruwa bisa teku, yana watsewa,
ban ga wanda ya kwana inda ya yini ba.
Amma da yaron kamfani ya ce, "Doña Eduvigis,
takardunki na cikin gajimare, kwantar da hankalinki,"
sai na gyaɗa kai kamar ƙaramar yarinya.

Injin kwale-kwale muke gyarawa.
Baldomero ne mai hannu, ni ce mai lissafi,
har ranar da hannun ya huta.
Ya bar mini makanikai biyu, da kare mai ɗingishi,
da akwatin imel mai wasiƙu dubu tara:
wa ya biya, wa ya ce sai kifi ya yi kuɗi,
lambar kowane fistan, hoton kowace farfela
da ta ci dutse a mashigin Chacao.

Wata Talata saƙo ya shigo da tambarin banki.
Ulises ya danna, ya rubuta kalmar sirri, ya tafi cin abinci.
Kafin ya dawo an sauya mana kwaɗo.
Kwana goma sha ɗaya ina roƙon wata na'ura
mai ba ni haƙuri da muryar da ba ta taɓa rashi ba.
Da aka buɗe, gida a share tas,
har kwandon shara an zubar.
Ashe kayan aro ba ya rufe katara.

Bashin masunta bai hana ni barci ba.
Rabinsu sun zo da ƙafarsu, hula a hannu,
sauran kuwa su da teku.
Abin da ya tsaya mini a wuya layi biyu ne
da Baldomero ya turo daga Osorno a watansa na ƙarshe:
"Na samo zoben fistan.
Kar ki jira ni da miya."
Ko kalmar so babu a ciki.
Na karanta ya fi sau ɗari, ban taɓa kwafewa ba.

Yanzu duk Juma'a, ƙarfe biyar,
in an wanke baƙin mai daga hannuwa,
sai in jona ɗan faifan nan mai girman sabulu.
Wasiƙu su gangaro, rasiɗai na biye,
koren layi na jan jiki kamar kunkuru,
ina kurɓar mate ina gadinsa.
Kwafi ɗaya a gwangwanin biskit, ƙarƙashin kanta.
Na biyu ya hau bas zuwa Quemchi,
aljihun keken ɗinkin ƙanwata Orfelina,
don gobara ba ta cin gari biyu a dare guda.
Na uku na damƙa wa wani gajimaren daban,
da mabuɗin da Ulises bai sani ba.
Bai ji haushi ba. Shi ma ya kawo shawarar.

Farkon wata in zaɓi takarda ɗaya,
in kira ta daga faifai, in ji ko za ta amsa.
Rijiyar da ba a zura wa guga,
wa ya san ko akwai ruwa?

Ɗazu Huenchur mai sayar da igiya
ya leƙo, ya same ni a kai, ya tuntsire:
"Kamfanin da ya fi ƙasarmu kuɗi, me zai ɓatar?"
Na miƙa masa mate, na nuna masa taga.
Gajimaren safe tuni ya kama hanyar duwatsu.
Na ce, "Maƙwabci, ban da gemu,
amma fa ya kama wuta.
Shafa wa naka ruwa."

Koren layi ya kai gaɓa.
Na zare faifan, da ɗuminsa
kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.
Na danne murfin gwangwani, na kira kare.
Ruwa ya sake saukowa.
Na ɗora miya, ban jira kowa ba.