Ludayin Baba Sungur

Ni ne mai hura wutar zawiyya a mashigin dutsen nan,
shekara talatin da ɗaya ina dama faten alkama,
har hayaƙi ya cinye mini ido ɗaya.

Ina nan ranar da Esenbay ya hauro,
dusar ƙanƙara na sauka kamar shiɓar auduga.
Gemunsa bai gama tsirowa ba,
kabarin ubansa bai gama bushewa ba,
tanti ɗari da saba'in na jiransa a kwari, da tumaki, da yunwa.

Ya ɗora takobi a cinyar Baba Sungur:
"Tofa mini albarka, zan ci garin Rumawa."
Baba bai tofa ba. Ya dube ni:
"Karɓe masa wannan, ba shi ludayi, baƙi na jira."

Ni na ji kunya a madadin yaron.
Shugaba guda, hannun riga a naɗe, gaban tukunya!
Makiyaya suka wuce, fataken gishiri,
wani tabaɓɓe mai ƙararrawa a ƙafa,
sai tsohuwa Barumiya, Ebdokiya, gicciye a wuya,
wadda dawakinsa suka tattake wa inabi da kaka.
Ta gane shi. Ta miƙa akushi, ba ta ce uffan ba.
Hannunsa ya yi rawa, ya zuba rabi.
Daga kan buzu Baba ya ce, "Cika."
Ya cika.
"Na jikokinta fa?"
Ya ƙara.

Da bandiri ya yi shiru, dare ya raba,
ga abin da na tsinta ina kankarar ƙanzo:
"Doki na cin gari, ɗana, amma ba ya shuka.
Igiya ke riƙe tanti, turke ke riƙe igiya,
turke kuwa sai ƙasa ta yarda.
Wanda ka ci da yaƙi yau,
gurasarsa za ka karya gobe da safiya."

An ci garin. An zubar da jini, ba zan ɓoye ba.
Amma ba a sare inabi ba,
kasuwa ta ci ran Alhamis kamar kullum,
mudu ɗaya ga Baturke, shi ne ga Barume,
alƙalin kuwa yaron da ke ɗebo mana ruwa.

Da ganuwa ta tashi, aka buga sunansa a azurfa,
ya aiko wa Baba takardar ƙauyuka uku.
Baba ya mayar, ya ce tukunya ta biyu yake so.

Yanzu duk sun kwanta, Baba a gindin tuffa.
Ɗan Esenbay ke mulki, bai taɓa hawowa ba.
Jiya ya aiko manzo da ludayin azurfa,
an zana masa furanni, yana ɗaukar ido.
Na gwada.
Gajere ne, ba ya kai gindin tukunya.