Raƙumin Ruwa Shi Kaɗai

Ranar da Ilu ya ɗaga ƙofar ruwa a Kadawa
ina ɗan tara, ina korar tsuntsu a shinkafar Baba.
Raƙumin ruwa guda ya tashi,
ba kumfa, ba ƙara.
Na bi shi a gaɓar magudana har silifas ya tsinke.
Bai fashe ba. Ni na gaji.

Shekara talatin da huɗu ina bin sa da alli.
Allo ya yi baƙi, kaina ya yi fari.
Ɗalibai na hamma, ina ce musu:
a nan ɗaya da ɗaya ba sa tashi biyu.
Dogo ya fi gajere sauri,
in sun gamu sai su ratsa juna,
kowa ya fita da kamanninsa,
sai dai ɗan gocewa.

Inna ta ce, "To, ka kama shi?"
Na miƙa mata takardu sha bakwai masu sunana.
Ta shafa, ta ce za su yi ƙunshin daddawa.

Bana na ajiye allin.
Jikan Ilu ke riƙe da makulli yanzu.
Na tuɓe takalmi, ina jira.