Tsakuwa Biyar a Aljihu

Mushe Gambo ya rubuto a bayan kayen Haulatu:
"'Yarka tana nan, amma ba ta nan.
In na juya ga allo, ta juya ga taga.
Jiya ta miƙe tsakar lissafi
don ta ga ramin da ƙadangare ya shige."

A tsaye na karanta, bakin shagona na Sabon Gari,
ga rediyon wani a buɗe, hanjinsa waje,
ga wayar wani rabi a kwance,
ga fanka tana jiran fiffike tun watan Layya,
ga shayin da na ɗora ya ƙone ƙurmus.
Na ce, "Wa ta gado?"
Yaron shago ya dubi tebur, ya dube ni,
ya haɗiye dariya.

Ni ne Mantau na Bagalam.
Ba sunan yanka ba ne. Inna ta laƙa mini
ranar da ta aike ni sayen daddawa da hantsi,
na bi masu tubali har bakin gulbi,
na dawo bayan la'asar, laka har gwiwa,
dala biyar ɗin na tafina, ta yi gumi.
An ce ƙiriniya. An ce kunnen ƙashi.
An ce iska ce, aka turara ni.
Na sha rubutu, na sha tsumagiya,
tsumagiya ta ƙare, ni ina nan yadda nake.

Sau uku muka je asibiti.
Likita ta tambayi barci, ta auna ji da gani,
ta aika wa mushe da tambayoyi.
Sannan ta ce, "Ba rashin tarbiyya ba ne,
ba kuma daƙiƙanci ba.
Kanta kasuwa ce ranar Juma'a:
mai goro na kira, mai atamfa na kira, kuda ma na kira,
duk da murya ɗaya,
kuma ba mai tsaron ƙofa.
Akwai magani ga wanda aka auna ya dace da shi,
amma gida da lakwal su ne farkon magani."
Ta dubi ƙafata tana rawa, makulli na yawo a yatsana.
"Kai fa, malam? Tun yaushe?"

Shekara arba'in da ɗaya
ina zagin kaina da bakin mutane.
Na fito, na zauna kan babur, ban tayar ba.

Yanzu aike ɗaya muke yi mata, ba uku ba,
ido cikin ido, ta maimaita.
Mushe ya dawo da ita gaba, nesa da taga,
in zama ya ishe ta, ita ke shafe allo.
Da yamma minti goma kan kaye,
sai ta zaga bedi sau biyu, ta dawo.
Zuwaira ta rage tsawa, ta koyi yabo tun da zafinsa.

Ni kuwa na kafa ƙusa don makulli.
Rediyo ɗaya kan tebur, saura a kwali.
Da asuba mu tsinci tsakuwa biyar-biyar,
kowane aiki ya ƙare, ɗaya ta koma ɗayan aljihun.
Wata rana biyar. Wata rana biyu,
wata rana in wanke wandon da su.

Shekaranjiya na manta ɗaukarta.
Na iske ta ƙofar lakwal, ita kaɗai,
awa guda ba ta motsa ba,
tana zana ƙadangaren nan a ƙasa,
har da ƙumbar da ta karye.
Ta ɗago, ta laluba aljihuna.
"Baba, taka saura nawa?"
Na ce uku.
Ta ce, "Nawa huɗu. Mu tafi."